Takalmin Daktora a Firizar Mai Shawarma

Har yau ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, sai a waya. Amma na yi shekara huɗu a Riyad ina gyara wa mutane takalman da suke hawa duwatsun ƙanƙara da su.

Shagon yana arewacin gari, a hanyar filin jirgi. Ni kuwa a Utaiqa nake zaune da yayata da mijinta, bayan kasuwar kayan lambu, kullum da safe motar kamfani ke kwasarmu. A iqamata, wato takardar izinin zama, mai shara aka rubuta, kuma shara aka ɗauke ni in yi: goge gilashi, share kafet, wanke kofunan shayi. In sanyi ya kama, 'yan gari masu hali kan tafi hutu Turai ko Labanan, su biyo ta wurinmu su sayi riguna masu kauri da tabarau da allunan sulu a kan ƙanƙara. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai warin gam da ƙonanniyar roba. Nan Mu'allim yake aiki, wani dattijo ɗan Labanan, gajere, mai saurin fushi, wanda ba ya yarda a taɓa masa kayan aiki ko da tsumman goge ƙura ne.

Wata rana wata mata ta zo da 'yan matanta biyu, ta ce namiji ba zai kama musu ƙafa ba. Mu'allim ya waiga ya gan ni da bokiti, ya ce in ajiye in wanke hannu. Ya tsaya daga nesa yana faɗa ina yi. Babana baduku ne a Maraɗi, tun ina ƙarama nake riƙe masa fata yana yanka, na san ko a jikin mutum guda ƙafa biyu ba sa zuwa ɗaya. Mu'allim ya ga yadda nake bin ƙashi da babban yatsa. Daga ranar dai duk macen da ta zo ni ake kira.

Takalmin kashi biyu ne. Akwai ɓawon roba mai tauri a waje, akwai kuma mai laushi a ciki wanda ake zarewa, mu safa muke ce masa. Mu'allim ya koya mini a auna ƙafa biyun mutum yana tsaye. A zare safar, a sa ƙafa tsirara cikin ɓawon har yatsu su taɓo gaba, sannan a zura yatsan hannu ta bayan dunduniya. In ɗaya da rabi ya shiga, daidai ne. In biyu suka wuce, takalmin ya yi yawa, komai daɗin da mai shi ya ce yana ji.

Yawancin masu saye allo mai faɗi suke ɗauka, da takalmi mai laushi. Amma akwai wani allo dogo siriri, mai tsukakken ƙugu, wanda ake hawa da takalmin roba mai tauri a ɗaure da ƙarfe gaba da baya, ƙafafu biyun a karkace suna kallon gaba. Shi ba a jan sa a kwance. A kan kaifin gefensa ake tafiya, mutum ya kwanto har hannunsa ya kusa shafar ƙasa, allon yana yanka ƙanƙara kamar wuƙa. Mu'allim ya ce a wannan gudun duk abin da gwiwa ta yi ta takalmi yake bi ya isa allo, in takalmi ya karye a tsakiyar kwana sai dai a zo a ɗauki mutum.

A cikin masu zuwa shagonmu mace ɗaya ce ke hawan irin wannan. Likitar haƙori ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kowa Daktora yake ce mata. A sanyin da ya wuce ta faɗi ta karye a idon sawun hagu, aka sa mata ƙarfe da sukurori, tsohon takalminta ma a asibiti aka yanke shi daga ƙafarta. Ta warke, sai dai kan wani sukuru ɗaya ya tsaya a ƙarƙashin fata ta waje, ya yi tudu kamar ƙwallon dabino. Ni na auna ta, aka yi odar sabon takalmi daga Turai, aka yi watanni ana jira. Bai iso ba sai ana saura kwana biyu ta tashi zuwa wata 'yar gasa da ta sa sunanta. Aka yi da ita ta zo ranar Alhamis bayan azahar, Mu'allim ya buɗa mata ɓawon daidai wurin sukurun. Jirginta ƙarfe tara, dole ta bar shagon da magariba saboda cunkoson hanya.

Ranar Alhamis da safe Mu'allim bai zo ba. Wajen sha ɗaya matarsa ta bugo ta ce tsakuwar ƙoda ce, an shiga da shi tiyata.

Daktora ta zo da akwatinta a mota. Mudir, wato manajan shagon, saurayi ne ɗan gari mai ladabi, ya iya sayar da riga amma bai san komai a ɗakin baya ba. Ya ba ta haƙuri, ya ce ta tafi da takalmin a gyara mata a can. Ta ce ta riga ta tambaya, ƙauyen da za ta sauka mai gyara ɗaya ne kuma ba shi da wuri sai bayan gasar. Ta zauna ta sa takalmin a gabanmu. Tana ɗaure maɗauri na uku na ga fuskarta ta sake, ta yi sauri ta kwance. Sai ta dube ni.

"Ke kika auna ni."

"Ni na auna, Daktora. Amma buɗa ɓawo Mu'allim ke yi, ni riƙe masa nake."

"Kin taɓa yi da hannunki?"

"A tsofaffin takalma. Kuma ta wajen yatsu, ba a idon sawu ba."

Na nuna mata dalili. Daidai idon sawu akwai wani noti da ya haɗa ƙasan takalmin da wuyansa, a kansa wuyan yake lanƙwasawa in mutum ya durƙusa. Tudun nata bai fi faɗin yatsa ɗaya daga ramin notin ba. Nan ne wurin da ya fi ɗaukar nauyi a duk takalmin.

Ta ce, "Na ji. Za ki yi?"

Mudir ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce iqamata shara ta ce, kuma in takalmin nan ya lalace kamfani ba sunansa zai tambaya ba. Shi bai ce in yi ba, bai ce kar in yi ba, zai koma gaban shago. Na san abin da yake nufi. Akwai wata 'yar Damagaram da muke shiga mota ɗaya, abin da bai kai wannan ba ya sa aka buga mata bizar fita ta ƙarshe, cikin mako guda ta bar ƙasar.

Na ce zan yi. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ba. Akwai son a san na iya.

Na roƙi jambakinta, na shafa a kan tudun, ta zura ƙafar cikin ɓawon tsirara ta taka. Da ta zare, ga jan tabo a ciki daidai inda ƙashin ke gugar roba. Na kwance notin na cire wuyan takalmin, na ɗaure ƙasan a jikin tebur, na kunna na'urar hura iska mai zafi. Yadda Mu'allim ke yi na yi: nesa da roba kamar faɗin hannu, ana zagayawa ba a tsayawa, ɗayan hannun a ciki yana jin zafi. In ciki ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama ba, ya nuna. Na sa ƙarfen matsi mai dunƙulallen kai daga ciki, na murza a hankali, robar ta kumburo waje. Na lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma na bar shi ya huce a matse. Na mayar da wuyan, ta sa, ta tsaya.

A tsaye lafiya lau. Da ta lanƙwasa gwiwa gaba, sai ta ciji leɓe.

"Ya ragu. Amma in na durƙusa yana nan, ɗan sama kaɗan."

Ana kiran la'asar lokacin. Na yi salla a kan kwali a gefen tebur, ban san me na karanta ba. Na sake kwance notin, na sake shafa jambaki. Sabon tabon ya fi na farko kusa da ramin.

Ina tsakiyar hura zafi karo na biyu ƙofar ɗakin ta buɗe, wata dattijuwa ta shigo da sallama, mudir na biye da ita. Mahaifiyar Daktora ce, ta zo raka ta filin jirgi. Babba ta yi sallama, ba yadda za a yi in ƙi ɗaga kai. Na amsa, na ce sannu da zuwa Mama, ta tambayi lafiyata, na amsa. Abin bai fi numfashi huɗu ko biyar ba. Da na mayar da ido, hannuna ya tsaya wuri ɗaya, robar a wurin ta yi ƙyalli kamar an shafa mata mai.

Na san ba haka ya kamata ta yi ba. Da Mu'allim ne da ya kashe na'ura ya bar ta ta huce ya sake daga farko. Na dubi agogon bango, na sa ƙarfen na murza. Ya tafi da sauƙi, sauƙin da ya tsorata ni.

Da ya huce na ɗaga tsumman. Kumburin ya fito da kyau. Amma daga gefensa zuwa ramin notin akwai wani farin layi siriri, tsawonsa kamar ƙwayar shinkafa.

Daktora da mahaifiyarta suna can suna magana a kan maganin da za ta sa a jaka. Na mayar da wuyan takalmin, ya sauko ya rufe farin layin ruf. Na ɗaure notin. Na yanka soso mai tauri kamar zobe na manna a jikin safar, yadda zai kewaye tudun ya ɗauke masa nauyi. Sai da na yanka sau biyu kafin ya yi daidai.

Ta sa takalman biyu, muka ɗauko allonta daga mota muka shimfiɗa a kan kafet, ta taka ta ɗaure ƙarafan. Na tsaya gabanta na riƙe wuyan hannayenta. Ta durƙusa, gwiwar baya ta shige bayan ta gaba, ta saki ƙugunta gefe har allon ya tashi a kan kaifinsa, kafaɗunta a miƙe, duk nauyinta a hannuna. Ta dawo tsakiya, ta faɗa ɗaya gefen. Ta yi haka ya fi sau goma. Ban taɓa ganin ta yi dariya ba sai ranar.

"Halas, shi ke nan. Babu komai, ko kaɗan. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa."

Na goge takalman na sa a jakarsu, na ja zif. Sai mahaifiyar ta matso kusa da ni. Gajeruwa ce, sai da ta ɗaga kai ta dube ni.

"Ya binti, 'yata, wannan abin zai riƙe ta? Ni na kwana da ita a asibiti wancan karon."

"In sha Allahu, Mama."

"Na san in sha Allahu. Ke nake tambaya."

Na tsaya da jakar a hannu. Mudir yana bakin ƙofa yana murmushi, aiki ya ƙare lafiya. Na ajiye jakar a tebur, na buɗe, na ɗauko na hagun, na kwance notin a gabansu, na ɗaga wuyan.

"Na ƙona shi a nan. Zafi ya yi yawa. Ban faɗa ba."

Murmushin mudir ya ɗauke. Daktora ta karɓi takalmin, ta kunna fitilar wayarta, ta bi layin da farce a hankali, gaba da baya, yadda nake jin take duba haƙori. Ta juya ta leƙa ta ciki.

"Farce ba ya kamawa. Bai tsage ba tukuna."

Na ce mata a nan ɗumi ne, roba tana da laushi. Mu'allim ya sha faɗa cewa a sanyi take yin tauri, kuma a nan ne abin da zai fashe yake fashewa. Ban san abin da zai yi a kan dutse ba.

Mahaifiyar ta ce, "Shi ke nan, ba inda za ki." Suka shiga magana da Larabcinsu mai sauri, rabi nake kamawa. Uwar na cewa ƙafa ɗaya ta riga ta bayar, 'yar na cewa shekara guda take jiran wannan makon. Ba wadda ta ɗaga murya, amma gara a ce sun ɗaga. Mudir ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai.

Ban san daga ina tunanin ya zo ba. Na ce akwai mai shawarma a jikin shagonmu, yana da babbar firiza. A sa takalmin ya yi sanyi sosai, ta sa ta danna shi da iya ƙarfinta a nan, in zai fashe ya fashe a kan kafet.

Mai shawarmar da farko ƙi ya yi, ya ce takalmi a inda yake ajiye abinci, ina hankalina. Na ce sabo ne, ko ƙasa bai taka ba. Sai da Daktora ta fito da kanta, muka naɗe shi a leda uku, ya buɗe wata firizar da yake ajiye ƙanƙarar lemo ya tura shi can ƙasa. Kafin in naɗe, na ɗiga baƙin biro daidai inda farin layin ya tsaya, na mayar da wuyan na ɗaure notin.

Minti arba'in muka ba shi. Muka koma ɗakin baya muka zauna mu uku. Na kawo shayi ba wadda ta sha. Daktora na duba taswirar hanya a waya, jan layin cunkoso sai ƙaruwa yake. Uwar na jan carbi. Can ta tambaye ni ƙasarmu, na ce Nijar. Ta ce mahaifiyata na da rai, na ce tana nan. Ta ce, "Ta san aikin da kike yi?" Na ce ta san ina shara.

Da na ɗauko shi ya yi fari fat da raɓa, ya yi tauri kamar ƙarfe, yana ƙona hannu. Da ƙyar ƙafar ta shiga, ina buɗa bakin da hannu biyu tana dannawa. Ta ɗaure, ta hau allo. Na sa mudir ya taka bayan allon, ni na riƙe hannayenta.

"Kada ki tausaya masa, Daktora."

Ta faɗa gaba da duk nauyinta. Takalmin ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ta sake. Ta kwanta gefen dunduniya, ta kwanta gefen yatsu, ta yi tsalle ta dira a durƙushe. Uwar ta miƙe tsaye. Ina ƙirgawa a zuci, na kai ashirin da wani abu na ɓace. Duk ƙarar da ya yi sai in ce shi ke nan. Ta ci gaba har gumi ya karyo mata, robar ta fara ɗumi, sannan ta tsaya.

Na kwance notin da makullinsa. Muka sa kai mu uku a ƙarƙashin fitilar waya. Farin layin yana nan inda yake, bai wuce ɗigon biron ba.

Daktora ta ce za ta tafi. Na ba ta makullin notin, na ce kullum in ta sauko daga dutse ta buɗe ta duba, in fari ya wuce ɗigon ko da gashin kai ne kada ta sake hawa. Ta ce ta yi alkawari. Ana kiran magariba suka fita. A bakin ƙofa uwar ta juyo ta daɗe tana kallona, ba ta yi mini sallama ba.

Kwanakin da suka biyo ban ji daɗinsu ba. Yaya ta ga ina barin abinci, ta tambaya, na ce ciwon kai ne. Kullum da yamma hoto daga Daktora kan shigo wayar shago, farin layi da baƙin ɗigo, ba rubutu. Mudir kan miƙo mini in gani ya karɓe abinsa. Bai kai maganar sama ba, bai kuma ce mini ba zai kai ba.

Mu'allim ya dawo bayan kwana shida, ya rame, yana tafiya a hankali. Kafin ya zauna na faɗa masa duka, har da rufewar da na yi da farko. Ya dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni nisan da na riƙe na'urar, na nuna. Ya tambayi abin da ya sa na murza bayan na ga ƙyalli, na ce agogo na duba. Kwana biyu bai yi mini magana ba, in yana son abu sai ya nuna da hannu.

Daktora ta dawo bayan mako biyu da ƙafafunta. A gasar ta faɗi a zagaye na biyu, ta ce laifinta ne, ta yi saurin kwantawa kafin ta kai sandar da ake zagayawa a kwana, ta tashi ta ƙarasa a cikin na baya. Idon sawun bai dame ta ba ko sau ɗaya. Mu'allim ya karɓi takalmin hagun ya ce wannan ba zai sake hawa ƙafarta ba, za a kawo mata wani ɓawon, shi zai ji da kamfani. Ta ce ai bai yi komai ba. Ya ce ya ji, amma ba zai koma ba.

Bayan ta tafi ya kira ni ɗakin baya. Ya ɗaure takalmin a tebur, ya ɗauko zarto, ya yanka shi gida biyu ta tsakiyar kumburin. Ya miƙo mini rabi. A ko'ina kaurin robar ya kai rabin ɗan yatsana. A inda na ƙona kuwa, daidai gindin farin layin, ta yi siriri har hasken fitila na ratsa ta. Na danna da babban yatsa, ta lotsa.

Na zauna a kan kwalin da ke kusa. Mu'allim ya bar ni na ɗan jima. Ya share garin robar daga tebur da gefen hannunsa, ya rataye zarton. Sannan ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, cike da tsofaffin takalman da masu su suka bari, ya ce daga gobe kullum in buɗa guda biyu a idon sawu kafin a buɗe shago, shi zai yanka ya duba.

Mudir ya leƙo ya ce akwai wata mata a gaba da 'yarta, takalmin yarinyar na matse mata yatsu. Mu'allim ya dube ni.

"Yalla, tashi, ya binti. Wanke hannu."

Na tashi na wanke, na ɗauki ma'auni na fita.